Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Tsohuwar Motar Tsere Take Fin Sabuwa Tsada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na ji an ce an sayar da wata Marsandi ƙirar shekarar 1955 a kan Yuro miliyan 135, alhali kuwa sabuwar Marsandin da ta fi ta gudu da daɗin zama ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan kuɗi ba. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, mene ne ainihin abin da mai sayen ya biya wa kuɗi? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Labarin da ka ji gaskiya ne. A watan Mayu na 2022, kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sayar da motar a gidan tarihin Mercedes-Benz da ke Stuttgart a ƙasar Jamus, a wani zama da ba a gayyaci kowa ba sai zaɓaɓɓun attajirai kaɗan. Motar ita ce 300 SLR mai rufi, wadda ake kira da sunan injiniyan da ya ƙera ta, Rudolf Uhlenhaut, kuma guda biyu kacal aka yi irinta a duniya. An yi su ne domin tsere, amma ba su taɓa shiga fili ba, saboda a watan Yuni na 1955 wata 'yar'uwarsu marar rufi ta yi tsalle cikin 'yan kallo a tseren Le Mans na Faransa, mutum fiye da 80 suka rasu, kuma a ƙarshen wannan shekara kamfanin Mercedes-Benz ya janye daga tsere. Uhlenhaut ya mayar da ɗaya motar zuwansa aiki, ga ta da gudun kusan kilomita 290 a awa a zamanin da yawancin motoci ba sa kai rabin haka. Ɗaya tana nan a hannun kamfanin har yanzu. Ke nan wanda ya saya ya san cewa in wannan ta wuce shi, da wuya wata dama ta sake zuwa a tsawon rayuwarsa.

Sai dai kada mu ce ƙaranci kaɗai ne ya kawo tsadar, domin akwai motoci da yawa da aka ƙera 'yan ƙalilan saboda ba su da kirki, kuma har gobe ba wanda yake neman su. Abin da masu tara irin waɗannan motoci suke tambaya shi ne dalilin ƙarancin. Babban dalili a tarihin motocin gudu shi ne dokar tsere. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, takan sharɗanta cewa kafin mota ta shiga wasu rukunonin gasa, sai kamfani ya ƙera wani adadi nata ya sayar wa jama'a, don kada a kawo motar tsere zalla a ce ta titi ce. Kamfanoni sai su ƙera iya adadin da aka nema, ko su ɗan ɗara, sau da yawa ma da asara, su tsaya. Da haka ne Peugeot ta yi 205 Turbo 16 guda 200 na titi, wadda 'yar'uwarta ta tsere ta ci gasar rali ta duniya a 1985 da 1986, sannan ta ci tseren Paris zuwa Dakar a 1987 da 1988, a lokacin da hanyarsa take ratsa hamadar Nijar ta Agadez. Da haka ne kuma Mercedes-Benz ta yi 190E Evolution II guda 502 a shekarar 1990.

Sarauniyar wannan rukuni ita ce Ferrari 250 GTO. Doka ta ce a ƙera 100, amma mai kamfanin, Enzo Ferrari, ya kafe cewa motar ba sabuwa ba ce, gyaran wata tsohuwar ƙirarsa ce da aka riga aka amince da ita, hukumar kuwa ta yarda, sai ya yi 36 kawai tsakanin 1962 da 1964. Injinta mai silinda 12 ne, lita 3, yana ba da ƙarfin dawaki kusan 300, kuma ta ci wa Ferrari kambun duniya na rukuninta shekara uku a jere. Sabuwarta a Amurka kimanin dala 18,000 ce, kuma ko kana da kuɗin sai Enzo ya yarda da kai kafin a sayar maka. A 2014 an yi gwanjon ɗaya a kan dala miliyan 38, a 2018 wata ta kai dala miliyan 48.4, a 2018 ɗin kuma aka ba da rahoton cinikin wata a ɓoye a kan dala miliyan 70. Abin lura a nan shi ne kowace ɗaya daga cikin 36 ɗin an san lambar casis ɗinta, an san tseren da ta shiga da direban da ya tuƙa ta da hannayen da ta bi, kuma bambancin miliyoyin da ke tsakanin wannan da waccan daga wannan tarihi yake fitowa. Wadda aka ce ta kai miliyan 70 ita ce ta ci tseren zagayen Faransa na motoci a 1964.

Akwai wani ƙarancin mai ban dariya, wato na motar da mutanen zamaninta suka ƙi. A Amurka, zuwa 1971 kuɗin inshorar motoci masu manyan injuna ya yi tashin da matasa suka kasa ɗauka, don haka Plymouth Hemi 'Cuda mai buɗaɗɗen rufi ta wannan shekara ba a yi fiye da 12 ba, domin iya waɗanda suka nema ke nan. A 2014 ɗaya daga cikinsu ta tashi a kan dala miliyan 3.5 a gwanjon kamfanin Mecum.

Bayan ƙaranci sai buƙata, ita kuma tana bin shekarun masu kuɗi. Yaron da ya liƙa hoton mota a ɗakinsa yana ɗan shekara 15, in ya kai 50 da dukiya a hannu ita zai nema, ko nawa aka ce. Shi ya sa Porsche 911 Carrera RS ta 1973, wadda aka yi niyyar ƙera 500 amma masu saye suka sa aka kai 1,580, take fin motoci da yawa da suka fi ta ƙaranci tsada. Shi ya sa kuma motocin Japan na shekarun 1990 suke tashe yanzu, musamman Nissan Skyline GT-R ƙirar R34 da aka yi daga 1999 zuwa 2002, wadda dokar Amurka ta hana shigar da ita sai ta cika shekara 25, aka fara samun damar a 2024.

Na uku, kuma a ganina shi ne mafi nauyi, shi ne shaidar asali. Kamar yadda mai sayen dokin ƙwarai ba ya tsayawa ga kyan jiki sai ya tambayi uwa da uba, haka mai tara motoci yake duba ko lambar inji da ta akwatin giya sun dace da abin da masana'anta ta rubuta ranar da motar ta fito. In an taɓa canza inji, ko da an sa irinsa sak, farashi yakan faɗi ƙwarai. Saboda yawan jabu ne Ferrari ta buɗe wani sashe mai suna Classiche a 2006, wanda yake bincikar tsofaffin motocinta ya ba da takardar shaida. Rigimar asali ta taɓa kaiwa kotu a Ingila a 1990, a kan wata Bentley da ake kira Old Number One, wadda ta ci Le Mans a 1929 da 1930. An yi cinikinta a kan fam miliyan 10, sai mai saye ya nemi fasawa, yana cewa an yi ta sauya mata sassa har ba ta zama motar farko ba. Alƙali ya yanke cewa tun da tarihinta bai taɓa yankewa ba, kuma babu wata motar da za ta iya da'awar wannan suna, to ita ce, ciniki ya tabbata.

Wannan ne ma ya sa ƙura da tsatsa wani lokaci suke ƙara kuɗi. A 2015 an yi gwanjon motocin wani ɗan kasuwar Faransa, Roger Baillon, waɗanda suka shafe shekaru da dama a rumfuna, cikinsu har da Ferrari 250 California da aka tarar an jibge mata tsofaffin mujallu a kai, ta tashi a kan fiye da Yuro miliyan 16 ba tare da an gyara ta ba. Masu saye sun fi son wadda ba a taɓa ba, domin fenti da kujeru da ɗinkin masana'anta sau ɗaya ake samun su. Amma fa wannan ɗabi'a tana da ɓangaren da ban so ba. McLaren F1, wadda aka ƙera guda 106 daga 1992 zuwa 1998 kuma ta yi gudun kilomita 386 a awa, an sayar da ɗaya a 2021 a kan dala miliyan 20.5, babban abin da ya ɗaga ta kuwa shi ne mitarta ba ta kai kilomita 400 ba. Motar da aka ƙera don gudu ta yi rayuwarta a gareji, kuma sabon mai ita yana sane cewa duk kilomitar da ya ƙara daga aljihunsa take fita.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Fijo 504 haɗin Kaduna da wata Marsandi V-boot. Wani dillali ya ce Turawa suna sayen irinsu da tsada. Mu sayar ko mu ajiye? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta, 'yar'uwa. Fijo 504 tana da tarihin da ba za a raina ba. Ta fito a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, kuma a wannan shekarar ce aka fara haɗa motocin Peugeot a masana'antar Kaduna. Sai dai an ƙera ta fiye da miliyan 3, don haka mai ƙofa huɗu da muka sani ba ta cikin waɗanda ake yi wa rububin miliyoyin daloli. Wadda masu tarawa suka fi bi ita ce mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya yi wa bodi, ita mai buɗaɗɗen rufin kimanin 8,000 kawai aka yi. Duk da haka, yawancin 504 na ƙasarmu haya da lodi sun cinye su, saboda haka wadda ta rage da fentinta da injinta da takardunta na asali tana da masu so, kuma tana ƙara wuyar samu.

Ita kuwa V-boot, a duba bayanta da takardunta da kyau. An yi wannan ƙira fiye da miliyan 2, amma a cikinta akwai 500E mai injin silinda 8, lita 5, wadda aka haɗa da taimakon Porsche, kimanin 10,000 kawai, kuma wanda bai sani ba zai ɗauka ta gama-gari ce in ba ya lura da faɗin bodinta a saman tayoyi ba. In 200 ce ko 230, to mota ce mai ƙarko amma farashinta matsakaici ne. Ko wacce ce, kada ku bari fanel bita ya sake mata fenti ko bakanike ya jefa mata injin wata mota kafin ciniki da sunan ƙara mata daraja, domin hakan rage ta yake yi. Ku tattara rasidin saye da takardun kwastan da littafin sabis da duk hoton da marigayi ya ɗauka da ita, ku rubuta lambar casis da ta inji, kuma kada ku tsaya ga maganar dillali ɗaya. Tun da dukiyar gado ce, a tabbata duk magada sun yarda kafin a ɗaga ta daga gida.

TAMBAYA: Malam, tun da farashinsu hawa yake yi kullum, ashe ba su fi fili da zinariya zama wurin ajiye kuɗi ba? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Ba kullum yake hawa ba, Alhaji. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a watan Agusta na 1988, 'yan kasuwar da ba ruwansu da mota suka afka wa harkar da kuɗin bashi, farashi ya ninka cikin watanni. Da kuɗin ruwan bankuna ya tashi, tattalin arzikin Japan kuma ya tsaya a farkon shekarun 1990, kasuwar ta rushe, har wata 250 GTO da aka saya sama da dala miliyan 13 a 1989 aka sake sayar da ita ƙasa da miliyan 4 a 1994. Waɗanda suka sayi Ferrari F40 da ninkin kuɗinta suna zaton 400 za a ƙera, sun wayi gari kamfanin ya yi fiye da 1,300.

Ban da haka, fili ba ya neman inshora mai tsada ko ɗaki mai sanyi ko ƙwararren bakanike daga ƙasar waje, mota kuwa tana neman duka, sannan kamfanin gwanjo yana cire kamashonsa a ranar ciniki. A yanayinmu zafi yana busar da roba da fatar kujeru, ƙurar hunturu tana cin fenti, man da ya daɗe a tanki yana lalata bututai, kuma kayan gyara na asali sai an yi odarsu da kuɗin waje. Manyan alƙaluman da ake ji a labarai na motoci 'yan ɗaruruwa ne a duk duniya, waɗanda ake cinikinsu a Monterey ta Amurka da Paris da London, tsakanin mutanen da suka riga suka san tarihin kowace mota tun kafin a tura ta gaban mai gwanjo.