Tambaya da Amsa: Agogon Landan Ya Raba Mu da Addu'ar Asuba

Tambaya: Fasto, ɗana yana aiki a Landan. Kowace Lahadi da ƙarfe bakwai na safe yakan kira ni ta WhatsApp mu yi addu'a kafin in tafi sujada. Tun ƙarshen Maris sai kiran ya koma ƙarfe shida, ina tsakiyar dama koko. Wai an canja musu agogo. Wannan ba shiga hurumin Allah ba ne? Daga wata uwa a Asawase, Kumasi.

Amsa: Mama, kwantar da hankalinki, ba wanda ya taɓa ranar Allah. A Ingila, Lahadin ƙarshe ta watan Maris, in ƙarfe ɗaya na dare ya yi sai su mai da shi biyu, a Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma su mayar. Sun fara haka ne a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, don su mori hasken rana su rage ƙona gawayi. Mu nan Gana ba mu da wannan bukata, tunda rana tana fito mana wajen ƙarfe shida, rani da damina. Layin Girinwic ma da duniya ke auna lokaci da shi ta garin Tema na nan Gana ya ratsa. Shi ya sa daga Nuwamba zuwa Maris agogonki da na ɗanki ɗaya, sauran watanni ya riga ki da awa guda.

A zamanin Yesu daga fitowar rana ake ƙirga sa'o'i. A Yohanna 11:9 ya ce yini sa'a goma sha biyu ne, alhali yinin yakan yi tsawo, yakan gajarta, sa'ar ma tana binsa. Duk da haka Bitrus da Yohanna sun san lokacin addu'a, sa'a ta tara, wato ƙarfe uku na yamma, suka hau zuwa Haikali.

Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarki shi ne yaron bai fasa kira ba. Iyaye nawa ke zuwa ofishina da hawaye, 'ya'yansu sun haye teku sun yi shiru! Don Allah kada awa guda ta jawo ɓacin rai a tsakaninku.

Ki ce masa ya bi agogon Kumasi, ya riƙa kira ƙarfe takwas nasu har ƙarshen Oktoba. In hakan zai sa ya makara zuwa majami'arsu, to ke ki sauke tukunya da wuri, ki ajiye Littafi Mai Tsarki kusa da wayar tun daren Asabar. Ki gaishe mini da shi.