Yadda ake auna rinjayen sifin a cikin ƙarfe da yadda ake juya shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin fiziks ne a Gusau, ajin ƙarshe, kuma aikin bincikena a kan sifintironik yake, wato fannin amfani da sifin a na'urorin lantarki. Na gane kowane ilaktoron yana da sifin, wato ɗan maganaɗisunsa na kansa, ko mai fuskantar sama ko ƙasa. Abin da ya ɗaure min kai, tunda ba ganinsu ake yi ba, ta yaya ake sanin ɓangaren da ya fi yawa a cikin ƙarfe, kuma ta yaya ake juya su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka zaɓi fanni mai kyau, Allah ya ba da sa'a.

Lissafin bai da wuya. Ɗauki ilaktoron 100 daga cikin masu ɗaukar lantarki. In 70 sun fuskanci sama, 30 ƙasa, rinjayen ya zama kashi 40 cikin ɗari, kamar ratar ƙuri'u tsakanin 'yan takara biyu. A tagulla kunnen doki ake yi, rinjaye sifiri. A baƙin ƙarfe da kobal kuwa yakan kai kashi 40 zuwa 45.

Awon ne ke da aiki. A farkon shekarun 1970 Tedrow da Meservey na jami'ar MIT a Amurka suka ɗauki alminiyam siriri ƙwarai, kaurinsa 'yan nanomita (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), suka sanyaya shi ƙasa da digiri 1 a ma'aunin Kelvin, wato dab da ƙarshen sanyi, har lantarki ke ratsa shi ba turjiya. Da aka sa masa maganaɗisu mai ƙarfi, sai matakan kuzarin masu fuskantar sama suka rabu da na masu fuskantar ƙasa. Tsakaninsa da ƙarfen da ake son aunawa akwai shinge siriri wanda ilaktoron ke tsallakewa. A zanen sakamakon tudu huɗu ne ke fitowa, kuma daga yadda tsayinsu ya saɓa ake karanta rinjayen. Har gobe ina ganin ba gwajin da ya kai wannan tsafta.

A 1998 aka fito da wata hanya: a soka allura mai tsini ta niyobiyam, ita ma a sanyaye, a jikin ƙarfen. Allurar ba ta karɓar ilaktoron sai bibbiyu, na sama da na ƙasa tare, don haka in ɓangare guda ya yi ƙaranci, lantarkin sai ya ragu. Da ita aka auna sinadarin CrO2, haɗin kuromiyam da oksijin, aka samu wajen kashi 90.

Ka riƙe wannan da kyau, don nan ɗalibai ke tuntuɓe: ƙarfe ɗaya na iya ba da adadi daban-daban, gwargwadon hanyar awo, irin shingen, tsaftar mahaɗar ƙarfen da abin awon, da kuma zafi. Duk adadin da za ka sa a rahotonka, rubuta hanyar da zafin a gefensa. CrO2 ɗin nan maganaɗisunsa na gushewa kusan digiri 120 na Salsiyos, tun kafin nan ma rinjayen ya fara zubewa, alhali baƙin ƙarfe na riƙe nasa har 770. Ga na'urar da za ta yi aiki a zafin Afrilu na Zamfara, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Batun juyawa, tsohuwar hanya ita ce maganaɗisu daga waje. A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus suka gano cewa in aka jera sirara-siraran shimfiɗun baƙin ƙarfe da kuromiyam, turjiya na faɗuwa sosai idan maganaɗisu daga waje ya juya sifin ɗin shimfiɗun baƙin ƙarfen suka fuskanci gefe guda. Sun samu lambar Nobel a 2007, kuma tun 1997 IBM ta sa dabarar a faifan ajiyar kwamfuta.

A 1996 Slonczewski da Berger suka nuna a lissafi cewa lantarkin kansa zai iya aikin juyawar: ya ratsa shimfiɗa mai maganaɗisu mai kauri, ya ɗauko rinjayenta, ya je ya ture siririyar da ke gaba ta juya. Da haka ake rubutu a ma'ajiyar bayanan kwamfuta da ake kira STT-MRAM, wadda ba ta mantuwa in an ɗauke wuta. Sharaɗin shi ne shimfiɗun su kusanci juna, domin ko a tagulla rinjayen na watsewa bayan tafiyar 'yan ɗaruruwan nanomita a zafin ɗaki.