Kwamfuta na mutuwa bayan Windows ya sabunta kansa: amsoshin tambayoyinku kan direban katin hoto

Tambaya daga wani mai ɗakin hoto a Tahoua: Malam, da kwamfutar tebur mai katin NVIDIA nake haɗa bidiyon biki. Ranar Laraba da safe ta sabunta kanta, na bar ta ta gama. Tun daga ranar, da na fara aiki sai allo ya ɗauke ya dawo, can kuma ya yi shuɗi ta mutu. Rubutun da ke fitowa shi ne VIDEO_TDR_FAILURE, a ƙasa kuma nvlddmkm.sys. Mai gyara ya ce sai an yi mata formataj, wato a goge faifan gaba ɗaya, ga bidiyon auren mutane a ciki ban ba su ba. Mene ne mafita?

Amsa: Malam, kada ka yarda a yi formataj. Rubutun da ka kwafo ya riga ya nuna inda ciwon yake, kuma aikinka na nan lafiya a cikin faifai.

Wannan nvlddmkm.sys wani ɓangare ne na direban katin NVIDIA, abin da kwamfutocinmu masu Faransanci ke rubutawa pilote. Da katin AMD ne, da ka ga atikmpag.sys ko amdkmdag.sys, da na Intel ne kuma igdkmd64.sys. Direba shi ne tafinta tsakanin Windows da katin hoto. In aka sauya Windows aka bar tsohon tafinta, ko aka kawo sabo wanda bai dace da katinka ba, magana ta lalace. Tun zamanin Windows Vista akwai tsarin da ke jiran katin hoto na daƙiƙa 2. In bai amsa ba, Windows ya sake tayar da direban, shi ne ɗaukewar allon da kake gani ya dawo. In tayarwar ta gagara, sai allon ya yi shuɗi. Ranar Larabar da ka ambata ma ta yi daidai, domin Microsoft na fitar da sabuntawarsa ranar Talata ta biyu a kowane wata, mu kuma takan iso mana da dare ko washegari.

Kafin komai, kwashe bidiyon mutane zuwa faifan waje. Amanar da ke hannunka ta fi kwamfutar daraja.

Sannan ka danna dama a kan maɓallin Démarrer, ka zaɓi Gestionnaire de périphériques, ka buɗe Cartes graphiques, ka danna sunan katinka sau biyu, ka shiga shafin Pilote. A nan akwai ranar direban da lambarsa, rubuta su a takarda. In maɓallin Restaurer le pilote na dannuwa, danna shi ka sake kunna kwamfutar. Sau da yawa maganar ke nan ta ƙare.

In maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, to Windows bai ajiye tsohon direban ba, sai a bi doguwar hanya. Sauko da direban katinka daga shafin NVIDIA kansa, kuma tunda bidiyo kake haɗawa, in katin na cikin jerin GTX 10 ko sama, ɗauki wanda ake kira Studio, an fi gwada shi da manhajojin tace bidiyo. Sauko kuma da DDU, ƙaramar manhaja ce ta kyauta da ke share direban hoto har da ɓurɓushinsa. Cire intanet gaba ɗaya, shiga Mode sans échec (yanayin da Windows ke tashi ba tare da direban katinka ba, hanyar shigarsa na cikin amsa ta gaba), share da DDU, sake kunnawa, sa direban da ka sauko, sannan ka mayar da intanet. Cire intanet ɗin nan da mutane ke rainawa shi ne ke hana Windows ya riga ka ya cusa direban da ya jawo matsalar.

Ina roƙonka ka guji manhajojin nan masu alƙawarin sabunta duk direbobi da danna ɗaya. Ba su san kwamfutarka ba, kuma ba ka san daga inda suke ɗebo abin da suke zuba mata ba.

Tambaya daga wata ɗaliba a Yamai: Ni tawa kwamfutar hannu ce, okaziyo na saye ta. Bayan sabuntawa, da na kunna sai tambarin kamfani ya fito, daga nan allo baƙi ƙirin, amma ina jin fanka na juyawa. Kundin kammala karatuna na ciki. Ta yaya zan shiga in gyara abin da ba na gani?

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Fitowar tambarin kamfani alama ce mai kyau, tana nuna allon da katin suna aiki, sai lokacin da Windows ya ɗora direbansa ne haske ke ɗaukewa.

Fara da danna maɓallai huɗu tare: Windows, Ctrl, Maj da B. Wannan na sake tayar da direban hoto, za ki ji ɗan ƙara, wani lokaci hoto ya dawo. In bai dawo ba, riƙe maɓallin kunnawa har ta mutu, ki kunna, da tambari ya fito ki sake kashe ta. In kika yi haka sau biyu ko uku a jere, za ta kai ki Réparation automatique. Daga nan ki bi Options avancées, Dépannage, Options avancées, Paramètres, Redémarrer, sannan ki danna F4. Na ce F4 ne domin a kan allon rubutu na AZERTY lambobin sama kan rikita mutum. A cikin Mode sans échec Windows na amfani da direbansa na talaka, shi ya sa hoto zai yi manya-manya, amma za ki gani. Kwafe kundinki zuwa kile tun a nan, sannan ki bi hanyar Restaurer le pilote da na bayyana wa mai ɗakin hoto.

A wannan shafin na Options avancées akwai kuma Désinstaller des mises à jour. In babbar sabuntawa ce ta sauya zubin Windows, kwana 10 kawai ake da su na komawa baya, bayansu Windows ya share tsoffin fayilolin. Kada ki ajiye ta a kwali ki ce sai bayan jarrabawa.

Abu biyu sun shafi irin kwamfutarki. Na farko, da yawa daga cikin na hannu katin hoto biyu gare su, na Intel da na NVIDIA ko AMD, suna karɓa-karɓa. Don haka ki nemi direba a shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo, da lambar samfurin da ke manne a ƙasanta, ki sa na Intel tukuna. Na biyu ya fi damuna: tana iya tambayarki makullin BitLocker, tsarin Windows da ke kulle bayanan faifai, lambobi 48 ne. Yawanci yana ajiye ne a asusun Microsoft ɗin da aka shiga kwamfutar da shi. In naki ne, buɗe asusun a waya ki kwafo. In na wanda ya sayar miki ne, ki tsaya nan ki neme shi, kada ki bar kowa ya goge faifan kafin a samo makullin.

Tambaya daga wani mai shagon buga takardu a Yamai: Na mayar da tsohon direba ta yi lafiya, bayan ƴan kwanaki Windows ya sake sa sabon, matsala ta dawo, ga shi yana cinye min forfe.

Amsa: Ɗan'uwa, shiga Paramètres, Windows Update, ka dakatar da sabuntawa, ana iya yi har kwana 35. Sa kuma haɗin intanet ɗinka a kan Connexion limitée, zai rage cin forfe sosai, domin direban NVIDIA ɗaya kan haura mega 500. In Windows ɗinka Pro ne, a cikin gpedit.msc, wato shafin tsara dokokin Windows, akwai umarnin da ke hana haɗa direbobi da sabuntawa, shi ne maganin da ya fi ɗorewa. Amma ban goyi bayan toshe sabuntawa har abada ba, domin a cikinta gyaran tsaro ke zuwa, kai kuma kullum kile-kilen mutane ke shiga kwamfutarka.

Duba kuma shekarun katin. NVIDIA ta daina fitar da sabbin direbobin wasa ga katunan tebur na zubin Kepler, wato yawancin GTX 600 da 700, tun watan Oktoba na 2021, direbobi masu lamba 470 ne na ƙarshensu. Mai irin wannan kati ya riƙe direban da ke masa aiki, ya ajiye kwafinsa a kile. Windows 10 ma tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma tsoffin kwamfutocin da aka tilasta wa Windows 11 ba tare da sun cika sharuɗɗansa ba suna cikin waɗanda ke shan irin wannan wahalar, saboda sau da yawa babu direban Windows 11 da aka yi domin su.

Tambaya daga wani matashi a Tahoua: Na sauya direba har na gaji, tana ci gaba da mutuwa, musamman da rana in ina wasa.

Amsa: Ƙanena, kalmar "da rana" ta sa na fi zargin zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Tahoua na haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka. Direba mara kyau ba ruwansa da safe ko rana. Buɗe Gestionnaire des tâches, shafin Performance, ka duba zafin katin kana cikin wasa, ko ka yi amfani da manhajar GPU-Z mai nuna bayanan katin hoto. In yana kai digiri 90, a buɗe ta a hure ƙurar, a sauya man da ke tsakanin kati da abin sanyaya shi, ka kuma daina ɗora ta a kan katifa. Rubuta perfmon /rel a wurin bincike, zai nuna maka tarihin mutuwarta rana-rana, ka ga ko da ranar sabuntawa ta fara ko tun kafin nan.

In kana ganin layuka ko ɗigo-ɗigo masu launi tun a kan tambarin kamfani, kafin Windows ya tashi, to katin kansa ne ya samu rauni, babu direban da zai gyara shi. In kuma ta tebur ce tana mutuwa fat ba tare da allo ya yi shuɗi ba, a gwada ta da wani akwatin wuta, domin yawan ɗaukewa da dawowar lantarki na raunana shi, kuma a sa mata ondilar, na'urar da ke riƙe mata wuta in lantarki ya ɗauke, kafin a sayi sabon kati.