Me take ci, kuma ta ina rubutun zai fita?

Ɗana, tambayar da ka yi mini jiya muna tattara kayan aiki ta kwana a raina. Ka ce kana so ka sayi ɗaya daga cikin tsofaffin kwamfutocin aljihun nan, ka riƙa rubutu a kanta kana kuma koyon rubuta manhaja. Ka nuna mini hotuna huɗu, Atari Portfolio da HP 200LX da Psion 5mx da HP Jornada 720, ka ce in zaɓa maka. Ban amsa nan take ba, don na ga idonka na kan mai allon kala, kuma na fi so ka ji dalili a natse.

Duk lokacin da aka ajiye mini na'ura irin wannan a kan tebur, abu biyu nake fara tambaya: me take ci, kuma ta ina abin da na rubuta zai fita. Gudun inji da kyan jiki duk a baya suke.

Mu fara da Jornada ɗin da ta tafi da hankalinka. A shekarar 2000 ta fito, tana aiki da Windows CE, wato Windows ɗin ƙananan na'urori, allonta da kala, madannanta ba laifi. Amma batirinta na lithiyam ne da aka ƙera dominta ita kaɗai, kuma yau ya haura shekara ashirin. In bai mutu ba yana hanya. Sai dai ka fasa ƙwansonsa ka canza ƙwayoyin ciki, aikin da ba zan bar ka ka yi kai kaɗai ba tukuna, ko kuma ka zauna a gindin soket, wanda ya kashe amfanin na'urar aljihu. Ajiye ta gefe.

Portfolio kuwa, wadda ta fito a 1989, batir AA uku take ci, to ta nan ba matsala. Ta wajen fitar da rubutu ne take ba da wahala. Katinta nata ne ita kaɗai, ba ya shiga kwamfutar yau, sai ka nemo wani abin haɗi na musamman da tsohuwar kwamfuta mai irin bakin nan na firintar da. Allonta layi 8 ne kacal, kowane layi harafi 40, ƙwaƙwalwarta kilobait 128, DOS ɗin da ke cikinta ma, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, ba na Microsoft ba ne, mai kama da shi ne, manhajoji da yawa ba sa tashi a kai. Abar sha'awa ce ga mai tara kayan tarihi. Kai aiki kake nema.

Saura biyu ke nan, kuma duka biyun sun amsa tambayoyina. Kowacce batir AA biyu take ci, irin wanda ba zai ɓace a duniya nan kusa ba. Psion 5mx tana da ramin katin ajiya na CompactFlash. HP 200LX tana da ramin PCMCIA, na wani kati da ya fi shi girma, ka sa CompactFlash cikin adafta ka zura. Ka gama rubutu, ka zaro katin, ka sa a abin karanta kati na USB, shi ke nan rubutunka ya fito. Kada ka nemi babban kati. Waɗannan na'urori tsarin ajiyar fayil na FAT16 suka sani, wanda ba ya wuce gigabait 2, kuma ƙananan katuna irin masu megabait 32 ko 64 sun fi karɓuwa ba gardama. Megabait ɗaya yana ɗaukar harafi wajen miliyan guda. Yaushe za ka cika 32?

Yanzu sai ka gaya wa kanka gaskiya, tsakanin rubutu da manhaja wanne ya fi maka nauyi, domin a nan suka rabu.

In rubutu ne, Psion ba ta da na biyu a wannan girma. Kamfanin na Ingila ne, ya fitar da Series 5 a 1997, sannan 5mx a 1999 da ƙwaƙwalwa megabait 16 da inji ARM mai gudun megahaz 36. Idan ka buɗe ta, madannan suna zamowa gaba su zauna daram a kan tebur, kuma maɓallai ne na gaske masu nutsewa, har za ka iya bugawa da yatsu da yawa kamar a babbar kwamfuta. Allon yana da fitila ta baya don dare. Ka danna, ta tashi nan take a daidai layin da ka tsaya. Tana da yaren manhaja nata a ciki, OPL, mai kama da BASIC, tsohon yaren nan na masu koyo, ka rubuta ka gwada duk a kanta ba sai ka nemo komai ba. Yana da daɗin koyo, zai nuna maka yadda ake sharaɗi da maimaitawa da zana abu a allo. Sai dai OPL kusan a gidan Psion ya tsaya, ba inda za ka kai shi yau.

HP 200LX ta fito a 1994, kuma ita cikakkiyar kwamfutar DOS ce da aka matse ta shiga tafin hannu. MS-DOS 5.0 na cikinta, injinta dangin 80186 ne mai gudun kusan megahaz 8, allonta yana nuna layi 25 na harafi 80 kamar kwamfutar ofis ta wancan lokaci, har da manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 a ciki. Ma'anar wannan ita ce Turbo C da Turbo Pascal na kamfanin Borland, waɗanda ake rubuta manhaja da su a yaren C da Pascal, suna aiki a kanta. C ɗin da ka koya a nan shi ne dai C ɗin da ake amfani da shi har gobe a cikin ƙananan injinan da muke gyarawa. Kuma ƙarancin wurin zai yi maka tarbiyya, domin wanda ya saba lissafin kowane bait ba ya rubuta manhaja mai almubazzaranci. Abin da ke buƙatar inji 386 ba zai tashi ba, ka san da wannan. Maɓallanta ƙanana ne masu tauri irin na kalkuleta, da manyan yatsu biyu ake bugawa, allon ba fitila, haruffan kuma ƙanana sai da haske mai kyau. Shafi biyu za ka iya, babi guda zai gajiyar da kai.

Ni da na san ka, na ga yadda kake tsayawa kan allon da'ira kana son sanin dalilin kowane abu, HP zan ce ka ɗauka. In kuwa ka san a ranka labarai ne ke cin ka, ɗauki Psion, ba zan ga laifinka ba.

Abu ɗaya ya shafe su duka: an yi su kafin Unicode, tsarin da ya tattara haruffan harsunan duniya, ya game ko'ina, don haka ba su san haruffa masu ƙugiya irin ɓ da ɗ da ƙ ba. Ka zaɓi wata alama ka riƙa sa wa a bayan harafin, in rubutun ya koma babbar kwamfuta ka musanya gaba ɗaya. A Psion kuma ka riƙa fitar da fayil a matsayin rubutu zalla, domin tsarin fayil ɗinta na Word nata ne ita kaɗai.

Sai maganar saye, wadda ita ce sana'armu. Kowacce da ciwonta. Na Psion shi ne fileks, wato siririyar waya mai faɗi da ta haɗa allo da uwar allon ciki. Duk buɗewa da rufewa yana lanƙwasa shi, har wata rana ya tsage. Alamarsa layuka a allo, ko hoto ya ɗauke in an motsa murfin, ko taɓa allo ya daina aiki. Ka ce mai sayarwa ya ɗauko maka bidiyo yana buɗewa yana rufewa a hankali, na'urar a kunne. Ana canza fileks ɗin, amma aikin dalma ne mai laushi sosai. Idan ka ga Series 5 ta farko jikinta na saɓulewa kamar fata, fentin roba ne, bai taɓa aikinta ba. Ka dubi jerin maɓallan ma, don akwai na Jamus da Z ke zaune a wurin Y. In kuma ka ci karo da Ericsson MC218, 5mx ce aka canza wa suna.

Ciwon HP hinji ne. Murfin yana tsagewa a kusurwar dama ta sama, kusa da hinjin, tsaga siririya kamar gashi. Ka nemi hoton wannan wuri daga kusa. In an kama ta da wuri ana ɗaure ta, in ta yi nisa murfin rabuwa yake yi.

Sannan ramin batir. Kada ka biya sai ka ga hotonsa a buɗe. Na taɓa sayen wata da aka rubuta "ba a gwada ba", jikinta tas kamar ba a taɓa riƙe ta ba. Da na buɗe, batir ya yi shekaru a ciki ya zubar da ruwa, ya ci sifirin ɗin da ke danne batir, ya bi waya ya shiga har cikin allon, layukan jan ƙarfen sun koma kore. Kwana uku na yi a kanta ban tashe ta ba, kuma abin ya yi mini ciwo, don na'urar ba ta cancanci wannan mutuwa ba. Farin gari kaɗan a bakin sifirin ana goge shi da ruwan khal a bi da sifirit. Kore mai zurfi, bar musu kayansu. Wanda ya ce bai gwada abin da batir AA biyu ke tayarwa ba, ka yi masa farashin matacciya.

In ta zo hannunka, ka tuna fayilolin da ke cikinta a RAM suke zaune, wuta ce ke riƙe da su. Shi ya sa kowacce ke da ƙaramin batir CR2032 na ko-ta-kwana. Sa sabo tun ranar farko, kada ka taɓa cire shi tare da manyan a lokaci guda, kuma duk abin da ka rubuta ka kwafe shi a kati kafin ka kwanta. Kada ka soka mata wata caja don kawai bakin ya shiga, ƙarfin wuta da juyin ƙafafun sun bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Ranar da ta iso, kawo ta nan kafin ka sa mata batir, mu buɗe ramin tare mu auna da mita.