Wai mene ne sunan "honeysuckle" da Hausa?

Wata baiwar Allah ta aiko tambaya, wai ɗanta ɗan shekara 8 ya ci karo da wannan suna a littafi ya tsare ta sai ta faɗa masa Hausarsa, kuma yana so ya ji shin bishiya ce ko ciyawa.

To Maman yaro, gaskiya ba mu da sunansa, don ba tsiron ƙasar Hausa ba ne, can Turai da Asiya da Arewacin Amurka yake fitowa da kansa, nau'insa wajen 180 kuma fiye da rabi a ƙasar Sin suke. Ni dai ban yarda a ƙaƙaba masa sunan wani itacen namu ba, rikita yara kawai za a yi. Ki ce masa "tsotsi-zuma", ai ma'anar sunan kenan, saboda furensa dogo ne kamar ɗan bututu, can ƙasansa akwai ɗigon ruwa mai zaƙi, yaran can sukan cire furen su tsotsa, ƙwari masu dogon baki kuma ƙamshinsa ke jawo su da yamma. Masana kuwa sun kira dangin nasa Caprifoliaceae, da Latin wai ganyen akuya kenan, na san wannan zai ba shi dariya. Sinawa su kuma furen zinariya da azurfa suke ce wa wani nau'in, don yakan buɗe fari tas sannan ya koma ruwan ɗorawa.

Batun bishiya ko ciyawa, tsakani yake, ɗan guntun itace ne mai rassa tun daga gindi, wani kuma yaɗo yake yi ya nannaɗe shinge. Kuma ki lura, inda ya fito da kansa tsiro za a ce, shuka sai wadda hannun mutum ya sa a ƙasa, mutane da yawa suna cakuɗa biyun nan.

Karin maganar da za ki haɗa masa da ita kuwa ita ce zuma da zaƙi da harbi, ma'ana abu mai daɗi bai rasa inda yake cutarwa. Furen da zaƙi amma 'ya'yan nan jajaye masu sheƙi da ke biyo baya, na nau'i da yawa suna sa amai da ciwon ciki, don haka ki ja masa kunne sosai kar ya ga ja ya kai baki. In ya sake tambaya kan akuyar nan ki turo min.