Tambaya da Amsa: Mutum-mutumin Gasa da Na Baje Koli

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar kimiyya ce a makarantar sakandare, ina kula da ƙungiyar ɗalibai 12 masu ƙera mutum-mutumi. Bara sun shiga gasa da wani mai bin baƙin layi a kan farin allo, bana kuma an gayyace mu mu baje kayanmu a gaban yaran firamare domin a cusa musu sha'awar kimiyya. Da muka yi gwaji, yaran sun ɗan kalla suka watse, ɗaya ma ya ɗauke shi ya ɓalle masa taya. Me ya kamata mu ƙera?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. A ganina yaron da ya ɓalle tayar ya riga ya ba ki rabin amsa, domin abin da yake nema shi ne ya sa hannu, ku kuwa kun kawo masa abin kallo. Mutum-mutumin gasa ana ƙera shi ne ya yi aiki na ɗan taƙaitaccen lokaci a hannun waɗanda suka san lagonsa. A gasar FIRST LEGO League, alal misali, zagaye guda minti 2 da rabi ne kacal. Na baje koli kuwa zai wuni a hannun baƙi waɗanda ba su san inda yake da rauni ba, kuma ba za su tsaya karanta dogon bayani ba.

Masu wannan aiki sun daɗe da gane haka. A 1969 masanin kimiyya Frank Oppenheimer ya buɗe gidan baje kolin Exploratorium a San Francisco ta Amurka, inda aka gina komai a kan cewa baƙo zai taɓa, ya murɗa, ya ga sakamako da idonsa. Wurin ƙera kayan ma ba a ɓoye shi ba, masu ziyara suna hangen ma'aikata suna aiki, kuma akan fito da abu a gwada shi a gaban jama'a, a mayar da shi a gyara, a sake fito da shi.

Da ni ne, da zan fara da ƙaramar sensar nan mai auna nisa da sauti, HC-SR04, a haɗa ta da allon Arduino, wato ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni. Idan kika duba fuskarta za ki ga wasu zagaye biyu kamar idanu, amma ba gani suke yi ba: ɗaya yana sakin sauti mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, wanda kunnen mutum ba ya ji tunda iyakarsa kusan 20,000 ce, ɗayan kuma yana sauraron amsa-kuwwa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa cikin iska, saboda haka idan yaro ya tsayar da tafin hannunsa rabin mita daga sensar, sautin zai je ya dawo cikin kusan kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa, allon kuma ya lissafa nisan daga wannan lokaci. Sai ɗalibanki su haɗa da ƙaramar sifika yadda amon zai yi sama idan hannu ya matso, ya yi ƙasa idan ya ja baya. Yaro ba ya bukatar a gaya masa komai, da ya motsa hannu sau biyu zai gane cewa shi ne yake sarrafa sautin.

A ajiye matashin kai da faifan katako a gefe. Matashin yana shanye sautin, sai na'urar ta rikice, katakon kuma idan aka karkata shi sai amsa-kuwwar ta kauce ta nufi wani wuri. Kada ɗalibai su ɗauki wannan a matsayin abin kunya da za a ɓoye, a nan ne yaro zai tambayi dalili, kuma daga nan ne za a shiga zancen yadda jemage yake farauta cikin duhu.

Mai bin layin ma kada a jefar da shi. A ba yaran baƙin salatif su shimfiɗa hanyar da kansu, su gano da wace irin kwana yake ɓacewa. Sai dai a tuna cewa sensarsa da hasken da ido ba ya gani take aiki, kuma hasken rana yana ɗauke da irinsa, don haka abin da ya yi lafiya lau a aji yana iya haukacewa kusa da taga. A gwada shi a ainihin ɗakin da za a yi taron.

Sauran aikin na ƙarko ne. Wayoyin da ake sokawa a allon gwaji suna zarewa da an girgiza teburi, a liƙe su da dalma. A sa kayan cikin akwatin roba mai garai-garai domin a ga cikinsa ba tare da an kai yatsa ba, a rufe duk haƙoran da ke juyawa. Kada a ja wutar injin taya kai tsaye daga ƙafar Arduino, wato inda ake soka masa waya, domin 'yar wuta kaɗan, miliamfa 20, aka tsara ta bayar, injin kuwa yana cin fiye da haka nesa ba kusa ba. A ba shi batirinsa daban. Idan batirin litiyam ne, kada a bar shi a caji babu mai lura.

Kafin ranar, a kawo yaro ɗaya wanda bai taɓa ganin abin ba, a tsayar da shi a gabansa, ɗaliban su kame bakinsu su zuba ido. Wannan shirun yana yi wa masu ƙira wuya ƙwarai, amma duk inda yaron ya tsaya yana dube-dube, nan ne gyara yake.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne, kuma shugaban ƙungiyarmu. Abokaina suna cewa baje koli ɓata lokacin shirin gasa ne. Shin suna da gaskiya?

AMSA: Ɗana, suna da gaskiya a abu guda, wato aikin yana cin lokaci, kuma ban ba ku shawarar ku ɗauko shi ana saura makonni kaɗan a shiga gasa ba. Amma ka sanar da su cewa ƙungiyar FIRST, wadda Dean Kamen ya kafa a 1989, ta kuma fara gasarta a 1992, lambar yabonta mafi daraja ba a bayar da ita saboda yawan makin da mutum-mutumi ya ci a fili. Ana ba da ita ne ga ƙungiyar da ta fi yaɗa kimiyya da fasaha a cikin al'ummarta.

Ko a gasar da ba ta da irin wannan lamba, akwai ribar da za ku gani a aikinku. Ɗalibin da ya kwafo umarnin kwamfuta daga intanet yana iya wucewa da shi a gasa, amma idan yaro ɗan shekara 8 ya tambaye shi me ya sa aka raba lokacin tafiyar sautin sensar gida biyu kafin a sami nisa, dole ya san cewa sautin zuwa ya yi ya dawo. Ku ajiye littafi a gefen teburi ku riƙa rubuta duk abin da ya lalace da lokacin da ya lalace, domin wayar da ta zare a hannun yara ita ce za ta zare muku a tsakiyar zagaye na biyu.