Fitilar injin ta kama, ga bizit teknik ta matso

Ka ce na'ura ta nuna lambar matsala P0420 a tsohuwar Toyota ɗinka, mai nufin katalizer (abin da ke tace hayaƙi a salansa) ya yi rauni, ko sai ka canza shi kafin bizit, wato duba lafiyar mota na hukuma? A'a, Malam, kada ka yi gaggawar saye. Bakanike ya fara duba ko salansa tana yoyo, sannan buji da sansar iskar da ke bayan katalizer.

Idan inji ya yi zafi, sansar bayan ya kamata ta tsaya wajen bolt 0.6 zuwa 0.7. In tana tsalle tsakanin 0.1 da 0.9 kamar sansar da ke gaban katalizer, to katalizer ya mutu. Amma in motar na shan baƙin mai, gyara wannan tukuna, don sabon katalizer ma zai toshe. Goge lambar kawai ɓata kuɗi ne, kafin ka je Tasawa ka dawo Maraɗi fitilar na iya sake kamawa.